Sharhi: Daga Tottenham Zuwa Kano, Wa Zai Ci Moriyar Sabon Maganin Sikila?

A watan Janairun 2025 ne hukumomin lafiya na Ingila suka amince a fara yi wa masu ciwon sikila magani da Casgevy a asibitocin gwamnati. Labarin ya fi shafar unguwanni irin su Tottenham da ke arewacin London, inda 'yan asalin Afirka da tsibiran Karibiyan suke da yawa, inda kuma cibiyar George Marsh ta asibitin St Ann's ta shafe shekaru tana kula da masu wannan lalura.

Tushen maganin yana cikin binciken Farfesa Swee Lay Thein, haifaffiyar Malesiya, wadda ta yi aiki a jami'ar King's College ta London daga 2000 zuwa 2015. Tambayar da ta daɗe tana bi ita ce: me ya sa mutum biyu masu cuta ɗaya, wani yake kwana asibiti kullum, wani kuwa da ƙyar yake jin jiki? Amsar tana cikin sinadarin himogulobin, mai ɗaukar iska a cikin jini. Akwai nau'insa da jariri ke da shi tun yana ciki, wanda ba ya lanƙwasa ƙwayoyin jini, amma jiki kan daina yin sa 'yan watanni bayan haihuwa. Masu saura da yawa na wannan nau'i su ne ke samun sauƙi.

A 2007 ayarinta ya gano cewa ƙwayar halittar gado mai suna BCL11A tana da hannu a lamarin. A 2008 Farfesa Stuart Orkin na jami'ar Harvard a Amurka da abokan aikinsa suka nuna cewa ita ce makunnin da ke kashe himogulobin na jarirai. Abin da Casgevy ke yi shi ne hana wannan makunni aiki. Masanan biyu sun raba kyautar Shaw a 2024.

To sai dai maganin ba na kowa ba ne. Farashinsa a Ingila fam miliyan 1.65 ne ga mutum guda, a Amurka kuwa dala miliyan 2.2. Sai an ɗebi ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin majiyyaci, a gyara su, a share ɓargonsa da magani mai ƙarfi wanda kan karya garkuwar jiki na wani lokaci, ya kuma iya hana haihuwa, sannan a mayar masa da su. Ko a Birtaniya, mai masu cutar kimanin 17,000, kaɗan ne za su samu kowace shekara. Nijeriya kuwa, an ƙiyasta ana haifa mata jarirai kimanin 150,000 masu sikila duk shekara.

Wannan ba dalilin yanke ƙauna ba ne, domin maganin hydroxyurea mai rahusa shi ma ƙara himogulobin na jarirai yake yi. Binciken da aka yi a asibitin koyarwa na Aminu Kano tare da jami'ar Vanderbilt ta Amurka ya nuna cewa yana kare yara daga shanyewar ɓarin jiki. Haka nan tun 1986 aka tabbatar cewa ba ƙananan yara penisilin kullum yana kare su daga cututtukan da kan kashe su saboda raunin saifa. Ingila tana gwada jinin kowane jariri tun 2006.

London ma tana da nata darasin. A 2019 wani saurayi ɗan shekara 21 mai sikila ya rasu a wani asibiti mai maƙwabtaka da Tottenham, bayan da ya buga wayar neman agaji daga kan gadon jinyarsa. Rahoton 'yan majalisar dokoki na 2021 ya sami sakaci da ƙarancin horo a asibitocin ƙasar. Ke nan sabon magani ba ya maye gurbin ma'aikacin jinya da ya san aikinsa.

Saboda haka bai kamata gwamnatocin Nijeriya da Nijar su zauna jiran ranar da Casgevy zai yi araha ba. Gwajin jarirai, da penisilin, da hydroxyurea a asibitocin ƙananan hukumomi, da gwajin jini kafin aure, duk ba su fi ƙarfin baitulmali ba. Masana sun sauke nauyin da ke kansu. Yawan yaran da za su kai shekara biyar a Kano da Maraɗi ya rage ga masu riƙe da kasafin kuɗi.