Giwar Talabijin da Giwar Gona

Ɗan ƙanena da ya gama sakandare bana ya same ni da batun cewa shi aikin daji zai yi. Ya ƙoshi da kallon Turawa a talabijin, da malafa a ka, suna raɗa a gefen zaki. Ban yi masa dariya ba. Na dai tambaye shi ko ya taɓa kwana inda babu sabis.

Yankari na kawo masa misali. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Baƙo yakan zo ya yi wanka a ruwan ɗumin Wikki, ya yi tsere da gwaggon biri a kan ledar burodinsa, ya ɗau hoto, ya kama hanyar Bauchi. Masu gadin dajin kuwa kwanaki suke yi a ƙafa, ƙudan tsando na binsu, suna kwance tarkon waya, suna bin sawun mafarauta masu bindiga. Akwai waɗanda ba su dawo ba.

A ganina ma ba nan ne aikin ya fi ɗaci ba. A bakin daji ne. Giwa ba ta san iyaka ba. Dawa ta nuna, garke ya faɗa gona, dare ɗaya ya share wahalar damina. Gari na wayewa ma'aikacin daji ne zai tsaya gaban mai gonar. Me zai ce masa? Cewa giwayen nan suna cikin 'yan kaɗan da suka rage a Najeriya? Wannan ba ya cika rumbu. A Kenya sun gano giwa na tsoron ƙudan zuma, sai suka riƙa kewaye gonaki da amya, manomi ya tsira da hatsinsa, ya ƙara da zumar sayarwa. Irin wannan dabara ba daga bayan kyamara take fitowa ba, sai an zauna a tabarmar mai unguwa an sha zagi.

Don haka na ce wa yaron ya je ya yi karatun ilimin dabbobi, ba laifi. Amma ya haɗa da koyon Fulatanci, domin da makiyaya zai yi ta shari'a, ya kuma durƙusa gaban tsohon maharbi, wanda zai dubi kashin ɓauna ya gaya maka yaushe ta wuce.

Ya yi shiru, can ya ce, “Baba, ƙudan tsandon nan, da dare yake cizo?”

Na ce masa da rana tsaka.