Filin Masu Sana'a: Mazaunin Bodi a Kan Shasin Sifinja

 

Tun da aka fara komowa Wad Madani a farkon 2025, bayan yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, masu lori da dama daga Jazira har Mai Wurno sun koma kan tsofaffin motocinsu, domin sabuwa ta fi ƙarfin aljihu. Galibinsu Bedford TJ ce ta Ingila, wadda aka fara ƙerawa a 1958, muke kiranta sifinja saboda laushin tafiyarta. Wanda zai ta da irin wannan mota, wuri guda nake so ya sa wa ido, wato mazaunin da kan mota da sanduk ke zama a bisa shasi.

Dalili kuwa shi ne, shasin lori ba sandararre ba ne. An yi shi ne ya riƙa murɗawa kaɗan idan ƙafa ɗaya ta faɗa rami, kamar yadda ake fama a laka ta bakin tur'a da damina. Robar da ke tsakanin kan mota da shasi ita ke shanye wannan murɗiya. In mazaunin ya goce, ƙofa ta ƙi rufuwa, gilashi ya tsage, sitiyari ya yi tauri. In na sanduk ne, nauyin buhunan dawa ya karkata gefe guda.

To, yaya za a gane wurin? Tun ran gini tun ran zane. Kafin a kwance ko noti ɗaya, a wanke shasi, a ƙirga mazaunan dama da hagu, a sa wa kowanne lamba da fenti. Robobi da washoshin kowane mazauni a ɗaure su daban da lambarsu, don kaurinsu ba lalle ya zama ɗaya ba.

Idan kuwa an tarar da motar a kwance, ko tsatsa ta ci mazaunin, sai a kankare ƙarfen. Tsoffin huji da shatin roba za su fito. Amma a kula, sifinja ta sha hannun ustoci, wani hujin ba na asali ba ne. Saboda haka a ajiye shasi a daidaitaccen wuri, a ɗauki awo daga maratayin sifirin, sa'an nan a gicciya igiya daga mazaunin gaba na dama zuwa na baya na hagu, a sake yi ta ɗaya ɓangaren. In awon biyu bai zo ɗaya ba, ko shasi ya karkace ko hujin ba shi ba ne.

Gargaɗi biyu. Kada a huda leɓen shasi na sama ko na ƙasa, kada kuma a bi shi da walda a gicciye, nan ne yake fara tsagewa. Na biyu, kada a ɗaure noti tamau sai dukkansu sun shiga, an kuma gwada ƙofofi.

Na san akwai ustan da zai ce, "Alhaji, ido ya isa." Ka ce masa, "Usta, a dai kawo igiya." Awon yini guda ya fi asarar kaka guda, balle ga rayukan masu hawa saman kaya ranar kasuwa.

Sai wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.