Manhajar Ces Ta Fi Mu Kula da Tishin Ɗalibi

A Hotoro, kamar sauran unguwannin da magidanta ke sammako zuwa masana'antun Bompai, Sharada da Challawa, yaro yakan shafe awanni da waya ba mai duba abin da yake yi. Cikin abubuwan da suka shigo wayoyin ɗalibai akwai manhajojin koyon ces, wasan da Larabawa ke kira shaɗaranji. Tunde Onakoya, ɗan Najeriyar da ya yi awa 60 yana buga shi a dandalin Times Square na birnin New York a Afrilun 2024, ya ƙara masa farin jini. Iyaye kuwa tambayarsu ɗaya: halal ne ko haram?

Ba za mu yi rufa-rufa ba. Imam Malik ya ƙi wasan a Muwaɗɗa, kuma Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta hana shi. Shafi'iyya suna ganin makaruhi ne muddin babu caca, babu jinkirta salla, babu alfasha, kuma a kan irin waɗannan sharuɗɗa Shaikh Yusuf Alƙardawi ya halatta shi. Magidancin da ya hana ɗansa yana da madogara mai ƙarfi, wanda ya bari kuma sharuɗɗan suna wuyansa. Amma ko wanne ɓangare muka bi, akwai abin da ya kamata mu tsaya mu duba: yadda waɗannan manhajoji suke karantarwa.

Manhajar Chessable ba ta zuba wa ɗalibi littafi gaba ɗaya. Takan ba shi ɗan kaɗan, ta gwada shi. Abin da ya amsa daidai sai ta jinkirta dawo masa da shi, daga awanni zuwa kwanaki zuwa makonni. Abin da ya kuskure kuwa ta maido masa nan kusa, har ya zauna. Lichess, wadda wani Bafaranshe mai suna Thibault Duplessis ya buɗe a 2010 kuma kyauta ce, tana bin wasan da yaro ya gama tana nuna masa daidai gurbin da ya yi ɓarna, sannan ta ba shi damar gyarawa da kansa. Masana suna danganta wannan da binciken Hermann Ebbinghaus na Jamus, wanda ya nuna a 1885 yadda mantuwa ke cin sabon karatu da sauri in ba a waiwaye shi ba.

To, wane alaramma ne wannan zai ba mamaki? Ba a wanke allo sai karatun ya zauna. Ba a ƙari sai an biya na jiya. Tishi da tilawa su ne ginshiƙin hadda, kuma hadisi ingantacce ya gargaɗe mu cewa Alƙur'ani ya fi raƙumi saurin kuɓucewa in ba a riƙa bibiyarsa ba. Hatta darussan warware matsala da manhajojin ke taƙama da su, Assuli ya tsara irinsu a Bagadaza tun ƙarni na 10, ana ce musu mansubat.

Abin takaicin shi ne mu ne muka yi sakaci da tsarin. A Islamiyyu da yawa aji ya cika maƙil, malami ɗaya, lokaci kaɗan, ga iyaye sun ƙosa a yi walimar sauka. Sai a yi ta ƙari ba waiwaye. Yaro ya kai Baƙara alhali Amma ta zube. Na'ura tana tuna inda ya yi tuntuɓe makon jiya a wasa, amma babu wanda ya rubuta ayar da ya kuskure jiya a karatu.

Gyaran bai buƙatar kwamfuta. Littafin rubutu ɗaya ya isa kowane ɗalibi: ayar da ya yi kuskure, ranar da ya yi, da ranakun da za a sake sauraronsa, gobe, bayan kwana uku, bayan mako. Uban da ya dawo daga aiki bayan Isha'i, ko da a gajiye, zai iya buɗe shafin ya saurari ayoyi biyar. Uwa ma haka, kuma sau da yawa ita ta fi samun sarari.

Ga gidajen da suka bar wasan kuma, a lura cewa ɗakin karatu da ɗakin shagala suna cikin manhaja guda. Kusa da darasin minti ashirin akwai wasannin gaggawa na minti uku ko ɗaya, waɗanda da an gama ɗaya maɓalli ke tayin wani. A nan Magariba ke wucewa, kuma wannan shagala tana cikin abin da malamanmu suka ji tsoro tun farko. Manhaja ta iya tsara abin da yaro zai maimaita gobe, amma ba ta rufe kanta in ladan ya kira salla.