Atini ne ya kashe shi, sai me?

A gidanmu na Damazin ba a son zancen ƙanen kakata. In yaro ya tambaya, sai a ce ya tafi kan iyakar Habasha bai dawo ba, a sako wata hira. Sai da na yi aure sannan kakata, Allah ya jiƙanta, ta faɗa mini gaskiya: soja ne, kuma atini ne ya kashe shi a wajajen Kurmuk a 1941.

A ƙasar Haɗeja aka haife shi. Iyayensa suka taso da shi a goye da niyyar Makka, guzuri ya ƙare a Jazira, suka zauna tsinkar auduga a gonakin mutane. Da Italiya ta shiga yaƙi a 1940, sojojinta suka kama Kasala da Gallabat da Kurmuk cikin watan Yuli. Turawan Ingila suka buɗe ɗaukar soja a rundunar tsaron Sudan, shi kuwa ya kai kansa. Bai cika shekara a kaki ba.

Da mutanenmu zan fara faɗan. Kunya biyu suke ji. Ta farko wai ya sa kakin Nasara, alhali iyayen mutanen Mai Wurno Nasaran nan suka yaƙa a Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya kwanta dama. Wannan na ji nauyinta, kuma ba zan wanke mulkin Ingila ba. Amma saurayi ne talaka, maƙiyi kuma ya riga ya shigo ƙasar da aka binne mahaifinsa. Wanda bai taɓa kwana da yunwa ba ya yi a hankali da yanke masa hukunci.

Kunya ta biyu ita ce ba na iya haɗiyewa: wai mutuwarsa ba ta maza ba ce, tunda ba harsashi ya same shi ba. Haba jama'a! Wa ya kai shi dajin? Wa ya sa shi tafiyar kwana da kwanaki da kaya a ka, yana shan ruwan kududdufi? Umarnin da ya tura wani bakin bindiga shi ya tura wannan bakin kududdufin. Da yana gida, da yayarsa ce za ta dama masa kunu ta yi jinyarsa. Malamanmu da bakinsu suke karantar da mu cewa wanda ciwon ciki ya kashe yana cikin masu shahada, amma da maganar ta zo kan namu sai kowa ya sunkuyar da kai.

Shirun nan kuwa ba kyauta muke yin sa ba, muna biya. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna asalinsa na zaune a Sudan tun ƙarshen 1897, aka bar Hausawa da yawa suna bin ofisoshi neman jinsiyya. A watan Yuli na 2022, da rikici ya ɓarke a Rusairis da kewaye aka kashe sama da mutum 100, kalmar da na fi ji a bakin masu ƙone-ƙone ita ce baƙi. Ranar da aka ɗauki ƙanen kakata soja ba wanda ya nemi takardarsa. Ƙirjinsa aka auna, aka duba haƙoransa, aka miƙa masa bindiga. Mu da ya kamata mu ɗaga sunansa a gaban masu kiran mu baƙi, mu ne muka ɓoye shi don cutar da ta kashe shi ba ta da daɗin faɗa.

Ba mu san kabarinsa ba. Kakata ta ce wani abokin aikinsa ɗan Nuba ne ya kawo bargonsa da layarsa. Bargon ta ƙone shi don tsoron cutar. Layar tana wurina, kuma na gaya wa 'ya'yana ta wane ne, da abin da ya kashe shi.