Sai mun ji ƙauri za mu duba akwatin wuta?

Ranar 8 ga Nuwamba 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a Maradi, yara sama da 20 suka rasu. Muka yi kuka, muka ɗora laifin kan zana. To, wanda ya samu ajin siminti da fanka kada ya ɗauka ya tsira: gobararsa na iya fitowa daga akwatin raba wuta da ke bango.

Idan kusar da ke riƙe waya ta saki, wurin yakan yi zafi sannu a hankali har roba ta narke. Ido ba ya gani, na'urar katse wuta ma sau da yawa ba ta faɗuwa, don ƙarfin wutar bai wuce kima ba. Amma kyamarar gano zafi tana nuna wurin da wani launi daban. Mai gyara zai buɗe akwatin fankoki na aiki, ya auna daga nesa, ya kashe wuta ya ɗaure kusar.

Wasu za su ce tsada. Kuɗin walimar ƙarshen shekara fa, daga ina suke fitowa? Kada mu jira NIGELEC, wayar cikin makaranta tamu ce. Kwamitocin COGES na Jiratawa, Tibiri da Maradi su haɗa kuɗi su ɗauko ƙwararre ɗaya ya zagaya kafin zafin Afrilu.

Iyaye, a taro mai zuwa ku tambayi darakta: yaushe rabon da a buɗe akwatin nan? Sakaci ba ƙaddara ba ne.