Littafin Bashi Da Ruwan Agusta

Yau da 'yan kasuwarmu nake magana, musamman waɗanda suka komo suna sake buɗe kantuna bayan ɓarnar yaƙin da ya ɓarke a 2023. Kada gyaran ƙofa da rufi ya mantar da ku damina.

Ina yaro a daren 4 ga Agusta 1988, amma ban manta ba. Ruwan da ya sauka a Hartum ya kai kimanin milimita 200, fiye da abin da garin kan samu a shekara guda. Sama da mutum miliyan ɗaya suka rasa matsuguni. Kawuna yana da ɗan kanti na ginin ƙasa a Umdurman. Da gari ya waye sukari ya narke, dawa ta jiƙe, bango ɗaya ya kwanta. Duk wannan bai sa shi hawaye ba, sai da ya ɗago littafin bashi daga ƙarƙashin tebur. Tawada ta bi ruwa, shafuka sun manne. Rabin jarinsa na hannun mutane, ga shi babu shaida. Waɗansu sun kawo da kansu, Allah Ya saka musu. Waɗansu kuwa har ya rasu shiru.

Adashi ne ya tashe shi, wanda ake kira sanduk a nan. Abokan zubi suka bar masa kwasar watan ko da yake ba layinsa ba ne. Sannan wani attajiri a babbar kasuwar Umdurman ya ba shi kaya bashi, don bai taɓa saɓa masa alkawari ba.

A Satumba 2020 Nilu ya haura mita 17 da rabi, ya wuce cikar 1946 da ta 1988. Mutanen tsibirin Tuti, da suka saba gadin gaɓa dare da rana tun 1946, sun fito da buhunan yashi da wuri. Mu kuwa sai ruwa ya taɓa dokin ƙofa muke cigiyar buhu.

Kada kuma a dogara da kuɗin ƙarƙashin katifa: a Fabrairu 2021 dala ta tashi daga fam 55 zuwa kusan 375 a hukumance. Gara a raba kaya wuri biyu, a ɗora buhuna bisa katako da bulo. Littafin bashi kuwa, kowace Juma'a a ɗauki hoton shafukansa da waya, a tura wa ɗan'uwa a Maiwurno ko Gadarif.