Yar da Kyanwa Ma Kisa Ne

A Bauchi da wuya a samu wanda zai ɗaga taɓarya ya kashe ɗan kyanwa, don kowa na tsoron alhakin mage. Abin da aka saba shi ne a nemo tsohon buhu ko kwalin taliya, a kwashe 'ya'yan tun idonsu bai gama buɗewa ba, a kira almajirin gida: "Ungo nan, kai min su can bayan gari, ka yi nisa kada uwar ta bi sawu." A haɗa masa da 'yan canji. Uwar gida ta wanke hannu, zuciyarta fes. In aka yi mata magana, amsa na bakinta: ai ba kashe su ta yi ba, wanda ya halicce su shi zai ciyar da su.

Daga Jahun har Fadaman Mada haka ake gani, mai boko da wanda bai yi ba. Kuma yaudarar kai ce tsagwaronta.

A makaho ake haifar ɗan kyanwa, sai ya yi mako guda zuwa kwana 10 kafin ido ya buɗe. A makonni ukun farko jikinsa ba ya iya riƙe ɗumi sai ya lafe da uwa, ko fitsari ba ya iya yi sai ta lashe masa ciki. Irin wannan halitta ce ake ajiyewa a bakin bola cikin hunturun Disamba ko ranar Afrilu. Cinnaku ne ke fara zuwa. Sai shirwa, sai karnukan unguwa, sai yaran da suka taso daga makaranta da duwatsu a hannu. Masu wucewa za su ji ɗan siririn kuka kwana ɗaya ko biyu, daga nan shiru. Ba abin da tafiyar almajiri ta sauya, illa dai mai gida bai ga gawar ba.

Wani abin dariya, masu wannan aiki su ne kan gaba wajen kushe Turawa idan suka ji cewa a Amurka akwai gidajen ajiye dabbobi marasa galihu, inda ake yi wa kyanwa allurar mutuwa in wuri ya cika ba a samu mai ɗauka ba. Gaskiya ne ana yi. Ƙungiyar ASPCA ta taɓa ƙiyasta cewa karnuka da kyanwoyi kusan 920,000 ake kashewa haka a shekara, 530,000 daga ciki kyanwoyi. Sai dai ita ƙungiyar ce kuma ta nuna cewa a 2011 adadin ya kai miliyan 2.6. Ya sauko ne, kuma cikin dalilan akwai ƙaruwar masu zuwa su ɗauki dabba su kai gida. Akwai ma masu karɓar riƙo na 'yan makonni, su shayar da jarirai da ɗan bulumboti har a samu mai so. Su suna ƙirga abin da suka kashe, lissafin yana ba su kunya, kunyar tana sa su nemi mafita. A Bauchi babu gidan ajiya, babu allura, babu lissafi, shi ya sa babu kunyar.

Kuma kada wani ya ce wannan tausayin daga Turai aka yi aronsa. Duk wanda ya zauna gaban malami ya ji hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Masu buhu kan yi caraf su ce to ai su saki suka yi. Sakin da ke da ma'ana na dabbar da za ta iya farauta ne. Jaririn da ko tsayuwa bai iya ba, a buhun da aka ɗaure bakinsa, ya fi kusa da wadda aka kulle. A Muwaɗɗa ta Imam Malik, littafin da ake karantawa a zaurukan garin nan, akwai labarin Abu Ƙatada da ya karkata wa kyanwa ƙwaryar ruwan alwalarsa ta sha, ya kuma bayyana cewa ita ba najasa ba ce. Sarki Baibars, wanda ya mulki Masar daga 1260 zuwa 1277, gona guda ya yi waƙafinta a Alƙahira don ciyar da kyanwoyin da ba su da mai su. Batun baƙar mage mayya ce ko aljana kuwa bai cancanci dogon zance ba: kukan da take yi da dare kamar na jariri, muzuru take nema.

Amma ko an ajiye tausayi da addini gefe, jihar Bauchi ce ta fi kowa rashin hujjar zubar da kyanwa. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, ya zama baƙon kowane rani a nan. A 'yan shekarun nan rahotannin hukumar NCDC kan jera Bauchi tare da Ondo da Edo a sahun jihohin da cutar ta fi kamari. Mai yaɗa ta wani ɓera ne mai yawan nonuwa, ɗan gida da rumbu, wanda ke barin fitsari da kashi a kan hatsi, da garin da aka shanya, da kwanon da aka bari a buɗe. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jerin matakan kariyarta, ta ambaci adana hatsi a mazubin da ɓera ba zai iya shiga ba, da kai shara nesa da gida, da tsabta, sannan ƙarara ta ambaci ajiye kyanwa.

Kyanwa ba rigakafi ba ce. Gidan da ke kwana da tuwo a buɗe, ko kyanwa goma ya tara ɓera zai zo, kuma gafiyar lambatu ta fi ƙarfin yawancinsu. Sai dai a dubi abin da aka maye gurbinta da shi. Shinkafar ɓera, wadda ake tallarta a faranti a bakin kasuwa, a barbaɗa a ƙarƙashin gado a ɗakin da yaro ke rarrafe. Ɓeran ya ci ya je ya mutu a cikin silin ya ruɓe, ko kaza ta tsinci ragowar, ko kyanwar maƙwabta ta ci gawar ita ma ta bi shi. An kashe kuɗi, an rage mai gadi.

Masu cewa mutane na fama da yunwa wa ke ta kyanwa, suna magana kamar an ce a gina mata gida mai fanka. Ba wanda ya nemi haka. Gurbi ake nema mata, kuma garin cike yake da gurabe: 'yan hatsi da masu sito a kasuwar Muda Lawal, masu shagunan kayan masarufi a Wunti, masu injin niƙa, gidajen burodi, masu busasshen kifi. Kowannensu na yin asara ga ɓera kullum. A Shikago ta Amurka wata ƙungiya, Tree House, ta rarraba kyanwoyin titi fiye da 1,000 tun daga 2012 ga gidaje da wuraren sana'a don wannan aikin, kuma wani muzuru mai suna Larry da ya fara gadin fadar Firayim Ministan Birtaniya a 2011 daga gidan ajiya na Battersea aka ɗauko shi. Abincin kyanwa kuwa kan kifi ne, da ƙashin miya, da ruwa mai tsabta. Madarar shanu ma zawo take sa yawancinsu.

Aikin bai wuce haƙurin mako takwas ba, a bar 'ya'yan su gama shan nono su fara cin abinci. A cikin wannan lokacin sai a yi cigiya. Garin da ake iya sayar da atamfa da turaren wuta ta WhatsApp cikin awa guda ba zai gaza samar wa 'yan kyanwa huɗu masauki ba. Wanda ya karɓa ya tsare kyanwar a ɗaki ko sito na 'yan makonni yana ba ta abinci har ta san nan ne gida, ya kuma kai ta asibitin dabbobi a yi mata rigakafin ciwon haukan kare, domin ita ma tana ɗauka.

Sauran magana ta tushe ce. Cikin kyanwa kwana 63 ne zuwa 65, tana iya ɗaukarsa tun tana wata biyar, ta haihu sau biyu ko uku a shekara. Ba kasuwar da za ta shanye wannan. Mutanen da suka gaji dandaƙar bunsuru tun kaka da kakanni bai kamata fiɗiye muzuru ya zame musu baƙon abu ba, kuma likitan dabbobi na iya yi wa macen aikin tsayar da haihuwa. Ma'aikatar da ke kula da dabbobi ta ware rana guda a wata ta yi wannan aiki a farashi mai sauƙi, a haɗa shi da sanarwar Lassa da ake yi a rediyo duk rani, a roƙi limaman Juma'a su taɓo zancen kafin watan Disamba ya kama.